Superman ma a gaban 'ya'yansa ya cika

Wata abokiyar aikina a gidan kula da tsofaffi da ke nan Surrey, gefen Vancouver a Kanada, ta shigo da safe idanunta jajur. Na ɗauka rasuwa aka yi mata, ashe ƙarshen shirin talabijin na Amurka mai dogon zango, Superman & Lois, ta kalla, wanda tashar CW ta haska ranar 2 ga Disamba, 2024. Da ta ga ina murmushi sai ta ce ai ta ji labari, finafinanmu na Afirka ba sa ƙarewa, sai dai mai kallo ya gaji ya tashi. Maganar ta tsaya min a rai, har na nemo shirin na kalla.

Ba zan ci haƙƙinsu ba, sun yi aiki, kuma cikin ƙunci suka yi shi. Bayan kamfanin Nexstar ya mallaki tashar a 2022 aka tsuke bakin aljihu, zango na huɗu ya koma kashi 10 kacal, manyan 'yan wasa bakwai suka koma masu leƙowa jefi-jefi. Amma jagororin shirin, Todd Helbing da Brent Fletcher, sun san wannan ne na ƙarshe, sai suka rufe labarin ruf. Bayan karawa da abokan gabansa Doomsday da Lex Luthor, Clark, wato Superman, ya rayu shekara 32 da zuciyar surukinsa Janar Sam Lane da aka dasa masa. Ya yi furfura, ciwon daji ya dawo wa matarsa Lois ya ɗauke ta, shi ma ya cika a kan gado, 'ya'yansa Jon da Jordan na gefensa. Masu sharhi suka yi ta yabo.

Namu kuwa kun san hali. Shiri ya karɓu a YouTube, zango kan zango, jaruma ta fita a ɗora wata a kan sunanta. To amma furodusan Kano ba shi da babban kamfanin fim irin Warner Bros. a bayansa. Tallar da ke shigowa mako-mako ita ce cefanen mai kyamara da mai fitila. Wa zai rufe shago ciniki na tafiya?

Kuma abin da ya sa abokiyar aikin tawa kuka, ba kasafai nake ganinsa a ɗakunan da muke aiki ba. Ɗaki tsaf, gado mai maɓalli, hoton jikoki a bango, talabijin na ta surutu tun safe ba mai kallo. Ranar Lahadi a zo da fure a takarda, a zauna rabin awa, ido na kan waya. Akwai masu kwana a kujera wajen iyayensu, na gani, Allah Ya saka musu. Amma sau da yawa numfashi ya fara sarƙewa mu kira lambar da ke fayil, a ce ana hanya, tsoho ya tafi hannunsa cikin nawa. Kwana kaɗan a zuba kayansa a kwali, a manna sabon suna a ƙofa.

A gida magani kan gagara, gadon asibiti ma sai da hanya, ban musa ba. Amma wane tsoho ne zai yi jinya ɗakinsa wayam? Ga mai fifita, ga mai dama kunu, ga mai laƙƙana masa shahada, tabarmi har ƙofar gida.

Baba yana Zariya, ƙafa ta ƙi, ƙanina ke ɗaga shi yana yi masa alwala. Ni ina nan ina yi wa iyayen wasu wanka, ƙarshen wata in tura kuɗi. Na nemi hutu a watan azumi, har yau ba a ba ni amsa ba.