Ku bar yaron nan ya shiga maƙera

Abin da aka yi wa yaron nan daren jiya a guruf ɗin gil, wato ƙungiyarmu ta ƴan wasa, bai yi ba, kuma ba zan kama bakina ba don kawai wanda ya fara maganar yana cikin manya. Duk kun gani, wanda bai gani ba an tura masa hoton hirar. Yaro sabon shiga Albion, wasan nan na intanet, ya yi sallama, ya tambaya cikin ladabi, wai yana son ya fara ƙera baka ta harbi a wasan, ta ina zai soma? Sai dariya, sai ruwan sitika. Can sai ga Oga, ɗaya daga cikin manyan gil ɗin, ya sauko daga sama da fatawa, wai ƙira ba ta talaka ba ce, yaro ya je ya yi ta kashe dodanni har ya kai T6, wato mataki na shida na kayan wasan, in ya yi kuɗi ya dawo a yi magana. Masu amshin shata suka ce haka ne, Oga. Yaro ya ce to na gode, tun daga nan bai sake cewa uffan ba.

Wannan ita ce shawara mafi muni da ake ba sabon ɗan wasa, kuma ita ake ta maimaitawa kamar karatun allo. Sabon shiga ya fara ƙira da wuri, tun yana T2 da T3, tun bai da abin da zai yi asara. Kuskure a ƙasa araha gare shi. A sama kuwa tsada gare shi ƙwarai.

Wai ma wane wasa kuke tsammani muke yi? Tun da Sandbox Interactive na Berlin suka fitar da Albion a 2017, abin da suka gina shi a kai ke nan: kusan duk abin da ke jikin ɗan wasa wani ɗan wasan ne ya ƙera shi. Takobin da Oga yake ɗaukar hoto da shi yana turo mana ba daga sama ya faɗo ba, wani ne ya tsaya a maƙera ya buga shi. Har kayan da kake samu a jikin dodo ko a akwati, yawancinsu ta Baƙar Kasuwar garin Caerleon suka bi: maƙeri ya sayar mata, ita kuma ta watsa su duniya a matsayin ganima. Sannan a jan yanki da baƙin yanki in aka kashe ka, komai na jikinka ya tafi, wani ma ya lalace gaba ɗaya ya zama shara. Kullum ana mutuwa, kullum ana neman sabbin kaya. A irin wannan wasa ne za ka ce wa mutum ƙira ba tasa ba ce?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san yadda ake koya wa yaro ɗinki. Ba a miƙa masa shaddar ango ranar farko. Takardar buhun siminti ake ba shi, ya yanka, ya ɗinka, ya karkace, a yi masa dariya a jefar, ba wanda ya yi asarar komai. T2 da T3 su ne takardar simintin Albion. Oga yana cewa yaro ya jira sai ya iya sayen shadda tukuna sannan ya fara koyon riƙe almakashi.

Kuma ga abin da masu fatawar ba su gaya masa ba. Allon ci gaba na wasan nan da abin da ka yi da hannunka yake tafiya. Fem, wato makin ƙwarewa, kowane aiki da nasa: na yaƙi daban, na ƙira daban, na tace kaya daban, na sara da haƙa daban. Ka kwana ka wuni kana kashe dodanni har ka iya riƙe bakan T8, ranar da ka taka rumfar mafarauta don ka ƙera naka, kai ɗan koyo ne, daga ƙasa za ka fara kamar kowa. Jiran da aka ce ya yi bai rage masa ko taki ɗaya na tafiyar ba. Jinkirta ta kawai ya yi.

Za ku ce ai in yana da silba, kuɗin wasan, zai sayi kaya tuli ya haye matakan cikin dare ɗaya. Eh, zai haye. Silba tana sayen fem. Ba ta sayen sanin kasuwa, kuma sanin kasuwar shi ne sana'ar, danna maɓallin ƙira ko jariri zai iya.

Ku duba abin da yaron nan zai koya daga baka guda ɗaya tak. Baka tana cin katako 32. Katakon T4 guda ɗaya yana cin icen T4 biyu da katakon T3 ɗaya, shi kuma na T3 yana cin ice biyu da katakon T2 ɗaya. Tun daga nan ya gane cewa kayan ƙasa ba sa mutuwa a kasuwa, domin na sama a kansu yake tsaye, kuma wanda ke tace T8 ma a ƙarshe yana bukatar abin da ƙaramin yaro ya saro a shuɗin yanki. Daga nan sai ya ci karo da tsarin garuruwa. Lymhurst tana cikin daji, ice ko'ina, kuma nan ne garaɓasar ƙera baka da takobi take. Amma garaɓasar tace ice tana Fort Sterling. Ta fata tana Martlock, ta tama tana Thetford, ta dutse tana Bridgewatch, ta zare kuma Lymhurst. Da gangan aka rarraba su haka don kaya su yi tafiya, kuma kowane gari da kasuwarsa da ma'ajiyarsa, abin da ka ajiye a Thetford ba za ka same shi a Martlock ba sai ka ɗora wa sa ka kai da kanka.

Sai lissafin abin da ake mayar maka. In ka tace kaya a garin da ba shi da garaɓasarsu, wajen kashi 15 cikin ɗari na kayan ne suke dawo maka. A garin da ya dace, wajen kashi 37. Ƙira a garin da ya dace, wajen kashi 25. Sai kuɗin rumfa, wanda mai rumfar ne yake yanka shi yadda ya ga dama, rumfa biyu a jere kana iya samun bambanci mai yawa. Sai harajin kasuwa: kashi 8 ga wanda ba shi da firimiya (rajista ta musamman da ake biya), kashi 4 ga mai ita, ga kuma kashi 2.5 na kafa oda, wato saka tayinka a kasuwa. Wanda bai saka waɗannan a lissafi ba zai ga kamar ya ci riba alhali aljihunsa yoyo yake yi.

To ina tambayar ku tsakani da Allah, yaushe ya fi dacewa mutum ya gano cewa ya tace icensa a garin da ba shi ba? Lokacin da icen na T3 ne da ya saro da gatarinsa a bayan gari, ko lokacin da na T6 ne da ya zuba dukiyarsa kaf ya saya? Yaushe ya fi dacewa ya manta da haraji, a kan hula da takalmi masu cin kaya takwas-takwas na ƙaramin mataki, ko a kan lodin da ya yi wa takarkari? Kowa zai yi waɗannan kurakuran. Oga ma ya yi su, ko bai faɗa ba. Tambayar kawai ita ce nawa za ka biya.

Na san abin da za a cika min akwatin sharhi da shi. Wai ƙirar ƙananan matakai asara ce, sayen kayan a kasuwa ya fi araha. Sau da yawa haka ne, ban musa ba. Asarar nawa? Abin da yaro zai mayar da shiga kurkukun dodanni ɗaya ko biyu. Ku da kuke zubar da kayan miliyoyi a baƙin yanki saboda kun tsaya amsa waya, yau ku ne masu tausayin silbar yaro? Allah Sarki.

Wai ba shi da firimiya, don haka ba shi da fokos, makin da ake kashewa wajen ƙira da tace kaya. To sai me? Fokos dubu 10 ne a rana ga mai firimiya, kuma ba ya taruwa ya wuce dubu 30. Shi ne yake ɗaga abin da ake mayar maka, a tace kaya har ya haura rabi, ba wanda ya ce ba shi da amfani. Amma yawan fokos ɗin da kaya ɗaya ke ci yana raguwa ne gwargwadon ƙwarewarka a wannan layin. Wanda ya jira sai ya sayi firimiya sannan ya fara, zai ƙone fokos ɗinsa a kan ƴan kaya kaɗan saboda allonsa fayau yake. Wanda ya fara tun da wuri, ranar da firimiya ta zo ta same shi a shirye, ya san abin da zai ƙera, ya san inda zai kai. Hujjar taku ma tawa ce, ba ku lura ba.

Wai manya masu cikakkiyar ƙwarewa sun mamaye kasuwa, yaro ba zai iya gogayya da su ba. Su manyan a T8 aka haife su? Kuma wa ya ce gogayya zai yi? Koyo zai yi.

Bari ma in faɗi abin da ke raina, wanda zai ji haushi ya ji. Ban taɓa ganin mai cewa kada a yi ƙira wanda shi kansa ba ya ƙira ba. Duk masu wannan wa'azin suna da rumfar da suke zuwa da asuba kafin kowa ya tashi, suna da odarsu jere a kasuwa. Sabon shiga in ya zama mai saye, alheri ne. In ya zama maƙeri, kishiya ce. Ban ce Oga da wannan niyyar ya yi magana ba, Allah ne masanin zuciya. Na dai ce abin ya yi daidai da aljihunsa, kuma daidaituwar ta yi yawa.

Kai kuma ƙanena, in kana karantawa, kuma na san kana karantawa, kada dariyar jiya ta kashe maka gwiwa. Tambayarka mai kyau ce, ta fi ta masu tambayar wane makami ne ya fi kisa. Ka zaɓi layi ɗaya ka riƙe, tunda baka kake so to baka, kada ka ce yau sulke gobe sanda jibi girki, allon yana da faɗi kuma zai cinye ka. Ka ɗauki gatari ka sari icenka a shuɗi da rawayan yanki inda ba a kwashe wa mutum kaya. Amma ka riƙe wannan da kyau: icen da ka saro ba kyauta ba ne. Kuɗinsa shi ne abin da za a ba ka da ka kai shi kasuwa ɗanye. Kafin ka ƙera komai ka buɗe kasuwa ka duba farashin ice, farashin katako, farashin baka, ka cire haraji da kuɗin rumfa, ka rubuta a takarda in ta kama. Wata rana za ka ga sayar da katakon ya fi ƙera bakan riba, sai ka tsaya a katako, ba abin kunya ba ne. Ka riƙa sa littafin ma'aikata fanko a jakarka lokacin ƙira, yana cika da kansa, kuma cikakke ana sayensa a kasuwa. Bakan da ka ƙera ka fita da ita farauta, in an kashe ka ka koma ka ƙera wata. Mutumin da ya iya yi wa kansa kaya ba ya tsoron mutuwa a wasan nan kamar wanda sai ya roƙa.

In ka yi asara, za ka yi, ka duba dalili. Yanzu ne lokacinta, tun tana ƴar ƙarama.

Maganar roƙo ma ta tuna min. Su waye suke cika mana guruf da a taimaka min da setin kayan yaƙi, an gama da ni a hanyar Caerleon? Ba sabbin shiga ba ne. Waɗanda suka bi shawarar Oga ne sau da ƙafa, sun kai T6 ɗin, sun iya duka, ba su iya komai ba bayan duka. Ranar da aka tuɓe su sai su dawo tsirara suna sallama. Gil mai mutum da yawa a ce maƙeranta ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, sannan wanda ya ce yana so ya koya a yi masa ihu.

Kuma tunda na fara, batun ayarin ranar Asabar. Don Allah wanda ya san cajinsa bai kai ba ko datarsa ta kusa ƙarewa kada ya ce zai ja gaba. Ba a tsayawa a tsakiyar jan yanki da shanu cike da kaya a ce a jira mutum ya nemo caja. Masu buɗe makirfo kusa da janareta kuma, mun gaji, ba ma jin mai ba da umarni sai ƙarar injinku da kukan akuya. Sannan masu cewa mu tattara mu koma wata saba, wato wani reshen wasan mai zaman kansa, tun da aka buɗe ta Turai a Afrilun 2024 ake wannan gardamar, kuma kun san ba a ƙaura da kaya ko fem, daga tsirara ake sake farawa. Wanda zai tafi Allah ya kiyaye hanya, amma ya fara dawo min da san dakon da na ara masa.