Ranar Da Na Ƙaryata Galileo Da Hannuna

Ba zan tsaya bayanin yadda jawabin zaman karatunmu na wannan wata ya faɗo a kaina ba, domin waɗanda suka tura ni gaba sun san kansu. An ce in yi magana a kan falsafar kimiyya, na zaɓi masanin falsafa Karl Popper, na yi mako biyu ina shiri, har da wani ɗan gwaji da zan rufe jawabi da shi, wanda na maimaita a ɗakina ya fi sau ashirin bai taɓa ba ni kunya ba.

Da farko komai ya tafi daidai. Na bayyana ra'ayin Popper cewa nazariyya ba ta shiga sahun kimiyya sai ta faɗi abin da, idan aka gan shi, zai rushe ta. Na kawo misalin Einstein, wanda a 1915 ya ce hasken tauraro zai lanƙwasa idan ya gifta kusa da rana, har ya faɗi gwargwadon lanƙwasar, ya miƙa wuyansa ga duk mai son yankawa, sannan Arthur Eddington ya tafi tsibirin Principe ya ɗauki hotunan husufin rana na 29 ga Mayu, 1919 domin a gani. Da na ga ana gyaɗa kai, sai daɗin baki ya kwashe ni, na ɗaga yatsa na ce: "Duk wanda gwaji ya saɓa wa maganarsa, sannan ya shiga kame-kame da kawo uzuri, to ya bar sahun masana kimiyya ya koma na masu duban taurari." Har na ƙara da cewa a rubuta. Malamar nan da ke zama a gaba da biro mai jan tawada kuwa ta rubuta.

Gwajin ba wani abu ba ne mai wahala. Galileo ya ce abu mai nauyi da marar nauyi tare suke faɗuwa idan iska ba ta shiga tsakani ba. Sai ka ɗora fallen takarda a kan littafin da ya fi ta faɗi, ka sake su tare, littafin ya share mata hanya, su isa ƙasa lokaci guda. Daga tsayin mita ɗaya da rabi, abin bai fi rabin daƙiƙa da 'yan kai ba. Ni kuwa, don kowa ya gani, kujera na hau.

A nan dole in yi maganar mutumin fanka. Kun san shi, kuma kun san tun da aka fara wannan zama bai taɓa karanta abin da aka raba ba, amma bai taɓa fashin zuwa ba. Tun ina kan Eddington yake gyangyaɗi, husufi ya zo ya wuce bai sani ba. Abin da ya tashe shi ƙarar kujerar da na ja ce. Ya buɗe ido, ya share zufa, ya miƙa hannu ya murɗa fankar tsaye da ke gefensa zuwa lamba ta ƙarshe, ya koma ya rufe ido kamar wanda ya sauke wani babban nauyi. Shi ne dai wanda bara ya ari littafina ya dawo da shi babu bango, ya ce haka na ba shi. Ban manta ba, na dai yi shiru ne saboda zaman tare.

Fankar irin mai juya kai ce. Lokacin da na ce "ɗaya" tana kallon bango, da na ce "biyu" ta fara waiwayowa, da na ce "uku" na saki hannu, muna kallon juna ido da ido. Littafi ya faɗi tim, kamar yadda aka umarce shi. Takarda kuwa ta yi sama. Na sake faɗa domin wanda bai halarta ba ya fahimta: sama ta yi. Ta wuce saitin kaina, ta karkata hagu, ta yi wani juyi a hankali kamar tana gaishe da jama'a, sannan ta sauka a kan dogon kabad ɗin da ke kusurwa ta yi zamanta. Kowa ya bi ta da kallo har ta zauna, daga nan idanu suka dawo kaina, ina tsaye a kan kujera da hannuwa biyu a buɗe kamar mai jiran a miƙo masa jariri.

Abin da ya fito daga bakina shi ne: "Ai iska ce."

Malama ta gyara zama, ta buɗe littafinta, ta ce cikin ladabin da ya fi zagi ciwo: "Gafarta Malam, wannan da ka faɗa yanzu uzuri ne, ko kuwa wani suna gare shi?" Sannan ta karanto maganata kalma bayan kalma, har da ɗaga yatsa. Na ce ai a 1971 David Scott na kumbon Apollo 15 ya saki guduma da gashin shaho a duniyar wata, inda babu iska, suka faɗi tare a gaban kyamara. Wani daga baya ya tambaya ko a can za a yi zama na gaba. Na yago wata takarda, na dunƙule ta, na sake ta tare da littafin, suka faɗi kusan tare. Malama ta ce ta gani, amma ai na canza gwajin bayan na ga sakamako, kuma tana jin na yi magana a kan masu yin haka. Dariyar da aka yi ce ta sake tayar da mutumin fanka, shi ma ya taya su, alhali na tabbata bai san abin da ake wa dariya ba.

Amsa ba ta zo mini ba sai da dare ya raba, ina kwance ina kallon silin. Tun 1906 masanin kimiyya Pierre Duhem ya nuna cewa gwaji ba ya gwada nazariyya ita kaɗai, yana gwada ta ne tare da tarin zato game da kayan aiki da yanayin wurin. Da tafiyar duniyar Uranus ta saɓa wa lissafin Newton, ba a yi watsi da Newton ba. Masanin falaki Le Verrier ya ce akwai wata duniya a ɓoye da ke janta, aka duba inda ya nuna a 1846 aka ga Neptune. Da ya sake irin wannan uzuri a kan tafiyar duniyar Mercury, ya ƙirƙiro wata duniya mai suna Vulcan, an yi ta nema ba a same ta ba, sai Einstein ne ya warware matsalar. Popper kansa bai hana uzuri ba, sharaɗinsa dai a iya gwada uzurin shi ma. Nawa uzurin kuwa babu wanda ya fi shi sauƙin gwadawa a tarihin kimiyya: a kashe fanka a sake. Mu goma sha wani abu a ɗakin, har da ni mai jawabi, babu wanda wannan ya faɗo wa a rai.

Da safe na rubuta wa Malama duk wannan, shafi guda cur. Ta amsa da cewa ta gode, za ta duba. Mutumin fanka kuma ya aiko yana tambaya ko zan ara masa littafin da na yi gwajin da shi, wai ya ji an ce yana da kyau. Takardar dai, a iya sanina, tana nan a kan kabad, babu wanda ya sauko da ita.