Takardar rajista ba ta motsa kansila

Wani labari da na gani ya ce tunda mazauna wata unguwa sun kafa ƙungiya sun yi rajista, yanzu 'yan siyasa za su saurare su. Ban yarda ba. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta Najeriya, tana da amfani wajen buɗe asusun banki, amma kansila ba takarda yake tsoro ba, akwatin zaɓe yake tsoro. A sa mutum biyu a kowace rumfar zaɓe, namiji da mace, su san masu katin zaɓe gida-gida. Sannan a ɗauki buƙata ɗaya tak, misali kwalbatin da ke toshewa duk damina har ruwa ya shiga zaure, a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimi da kwanan wata. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, haƙƙinmu ne mu tambayi nawa ya shigo duk wata. Shi kuma wani mai sharhi da ya ce a nemo uban ƙungiya cikin masu hannu da shuni, ai nan ake rushewa: ranar da ɗan takara ya biya hayar ofis da kujeru, bakin shugabanni ya mutu. Gara karo-karon naira 200 a wata, ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa. Ku masu ƙungiyar, kundinku ya tilasta wa shugaba sauka ranar da ya sayi fom ɗin takara?