Harbi na biyu: haƙƙin dabbar da maharbi ya raunata

Da zarar kaka ta wuce, ciyawa ta bushe a dazukan Wase da Kanam da gangaren Shendam a jihar Filato, za ka fara jin wata magana a bakin maharba: "Na same ta, amma ta tafi da harsashi." Ana faɗinta kamar nama kawai aka yi asara. Alhali abin da maganar ke nufi shi ne akwai gwanki ko mazo ko ɓauna kwance a wani kurmi, ƙafa a karye ko hanji a fashe, ƙudaje sun yanyame raunin, kuma sai ta yi kwana uku ko mako guda kafin rai ya fita. Ra'ayina a kan wannan bai da kwana-kwana: wanda ya yi harbin farko ya ci bashin harbi na biyu, kuma ya kamata doka ta rubuta wannan bashi a jikin takardar izininsa.

Yawancin raunukan nan daga makami suke farawa. Adaka harbi ɗaya take yi, albarushinta da ido ake aunawa, abin da ake ɗura mata kuma guntayen ƙarfe ne da ba su da nauyi ɗaya, don haka kowane ya kama gabansa. Kafin maharbi ya sake ɗuri dabba ta yi nisa. Bindigar bature mai baki biyu ma ba ta tsira ba, domin mutane da dama suna sa mata harsashin BB, wanda ƙwayoyinsa ba su wuce kimanin milimita 4 ba. Wannan na zabi ne da zomo da gada. A jikin gwanki, wanda ƙatonsa kan haura kilo 250, ƙwayoyin a fata da tsoka suke tsayawa. Ko harsashi mai manyan ƙwayoyi takwas ko tara, idan tazara ta wuce mita 30 zuwa 35, warwatsewa yake yi, biyu su sami cinya, ɗaya ta sami ciki. Ba don ado ba ne Tanzaniya ta ƙayyade cewa ba a harbin ɓauna ko giwa ko zaki da bindigar da faɗin bakinta bai kai inci .375 ba. Maharbin da ya ɗaga makamin da ya san bai isa ba, ya raunata dabbar tun kafin ya taɓa kunama.

To, an riga an harba, dabba ta ruga. Kuskuren farko shi ne bin ta da gudu. Dabbar da aka sama a ciki, idan ba a kore ta ba, takan kwanta cikin 'yan mita ɗari kaɗan, jikinta ya yi sanyi. Idan aka taso ta kuwa, tsoro zai ba ta ƙarfin da za ta yi kilomita biyu ko uku, jinin ya daina ɗiga, sawun ya ɓace a kan fako. Abin da ya dace shi ne maharbi ya sake ɗura bindiga nan take, ya sa alama a inda ya tsaya, ya sa wata a inda dabbar take lokacin da harsashi ya same ta, sannan ya duƙa ya karanta ƙasa.

Jini yana magana. Mai haske, mai kumfa, daga huhu yake: a jira minti 20 zuwa 30, galibi za a tarar da ita ta mutu ba nisa. Ja mai duhu da kauri na hanta ne, wannan yana son haƙurin awa uku zuwa huɗu. Idan jinin ya tsinke, ya gauraye da ɗanyar ciyawa, yana warin tumbi, to ciki aka fasa, kuma wannan ne mafi muni, domin dabba na iya yin awa takwas ko fiye da ranta. Guntayen ƙashi masu tsini tare da jan jini alamar ƙafa ce, kuma a nan jira ba shi da amfani: raunin ba zai kashe ta da wuri ba, gara a bi ta da kare a tsayar da ita. A kuma duba tsayin inda jinin ya shafa a jikin ciyawa da kara, shi zai nuna ko raunin a ƙirji yake ko a ƙafa. Ana tafiya a gefen sawu ne, ba a kansa, don idan ya ɓace a iya komawa ɗigon ƙarshe a sake dubawa.

Waɗannan awoyi lissafin ƙasashen sanyi ne, kuma dole a yi musu gyara a nan. A zafin Maris na kudancin Filato, naman dabbar da cikinta ya fashe ba ya jimawa yake lalacewa, kura da ungulu kuma ba sa jiran kowa. Mafita ita ce kada a yi harbin da zai kai ga hakan da yammacin la'asar. Wanda ya harbi babbar dabba saura rabin awa magariba, ya san ba shi da hasken da zai bi ta.

Wurin ƙarasawa shi ne inda ake rasa rai. Ana tunkarar dabba ta bayanta, ta gefen da ƙafafu ba sa kallo, kuma ta sama idan a gangare take. A dubi ido: matacciyar dabba idonta a buɗe yake, wadda ta runtse tana da sauran rai. A taɓa ƙwayar idon da doguwar sanda, idan ta ƙifta, aiki bai ƙare ba. Gwanki da ya durƙusa yana sharar duk abin da ya matso da ƙahonsa. Mazo, duk da bai kai shi girma ba, ya sha farke cikin kare. Ɓauna kuwa takan shige duhuwa ta juyo ta fuskanci sawunta, ta yi shiru har mai bi ya zo dab. Ba a bin ta mutum ɗaya: ɗaya idonsa a ƙasa, ɗaya idonsa a gaba da bindiga a shirye. Kuma ba a auna goshinta, domin gindin ƙahon namiji garkuwa ce da ke kautar da harsashi. Idan tana tsaye a karkace, a auna bayan kafaɗa, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji, nan zuciya da huhu suke. Idan a kwance take kuma an sami bayanta, to ƙeya, inda wuya ya haɗu da kai. Kafin a ja kunama a tabbata babu mutum ko kare ko dutse a bayanta. A farautar gayya, inda mutane ke kewaye dabba ta kowane ɓangare da gora da barandami, wannan sharaɗi kusan ba ya cika, shi ya sa harbin ƙarasawa ya kamata ya zama na mutum ɗaya da sarkin baka ya nuna, sauran su ja baya.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke ɗaukar wannan magana kamar ta Turawa ce, alhali malamanmu sun daɗe da zaunar da ita. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, idan za a kashe a kyautata kisan, idan za a yanka a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim an ce idan ka riski abin farautar da rai, ka yanka shi. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya ma fi haka tsanani. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, maharbin da ya yi jinkirin bin dabba har ta mutu, alhali da ya bi da ya riske ta da rai, naman ya zama mushe. Haka idan wuƙarsa na hannun wani, ko tana can cikin jaka har dabbar ta mutu yana lalube. Haka idan ta kwana ba a same ta ba. Har mai wucewa da ya ga dabbar, yana da halin yankawa ya ƙyale ta ta mutu, an ɗora masa biyan maharbin. Dubi yadda aka ɗaure halaccin nama da ƙoƙarin mutum wajen gajarta wahalar dabba.

Akwai wurin da Musulmi maharbi zai kula. Dabbar da ta riga ta galabaita, ana iya kama ta a yanka ba tare da haɗari ba, yanka ne hukuncinta, harbi a nan zai iya ɓata naman. Wadda har yanzu take iya gudu ko kai suka, tana nan a matsayin abin farauta, sai a yi bisimilla a sake harbi. Jiran da na ambata a sama kuwa, a fahimtata, wani ɓangare ne na bin dabba, tunda shi ne hanyar da ta fi kai mutum gare ta da rai. Ya sha bamban da na wanda ya koma ƙauye ya ci tuwo ya kwanta. Maharba Kirista da masu bin gargajiya, waɗanda suke da yawa a Filato, hukuncin yanka bai hau kansu ba, amma azabar gadu mai karyayyen muƙamuƙi ɗaya ce ko wa ya harbe shi.

Doka fa? Dokar tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka ƙara wa tara a 2016, ta hana taɓa irin su zaki da damisa da raƙumin dawa kwata-kwata, ta ɗaure wasu da izini. Ta hana farauta da dare, da dafi, da wuta, da mota, da bindiga mai sarrafa kanta. Dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon wajabta lasisi hatta ga adaka. Duk waɗannan suna magana ne a kan wa zai harba, me zai harba, da me. Dokar 1985 ba ta ce komai ba a kan dabbar da aka riga aka raunata. Sai maharbi mai izini ya sami kansa a tsaka mai wuya: ya harbi dabba halal a wajen gandu, ta tsallaka iyakar Pandam ko ta Yankari, idan ya bi ta da bindiga ya shiga hannun jami'an gandun daji, idan ya ƙyale ta babu mai tambayarsa. Tsarin da kansa yana koya masa ya juya baya.

Wasu ƙasashe sun warware wannan. Dokar Tanzaniya ta 2009 ta wajabta wa duk wanda ya raunata dabba ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kashe ta da wuri, idan mai haɗari ce kuma ta kuɓuce, ya kai rahoto ga hukuma. A Suwidin sai maharbin manyan dabbobi ya tanadi karen bin sawu da zai iya isowa cikin awa biyu. A Denmak, idan awa shida na hasken rana suka wuce ba a samu dabbar ba, dole a kira mai kare da ke cikin rajistar gwamnati. Jamus ta tanadi yadda maƙwabtan dazuka za su yi yarjejeniya kan dabbar da ta tsallaka iyaka da rauni.

Na san abin da jami'in gandu zai ce, kuma yana da gaskiya: idan aka buɗe wannan ƙofa, duk ɓarawon daji da aka kama da gawar ɓauna zai ce tausayi ne ya sa ya ƙarasa ta. Amsar ita ce a raba ƙarasawa da mallaka. Wanda ya tarar da dabbar da doka ta kare a cikin tarko ko da rauni, aikinsa rahoto ne. Idan dole ta sa ya kashe ta don kare rai, nama da fata da ƙaho na hukuma ne, ko tsoka ba ta zama tasa ba. Idan babu riba, ƙaryar tausayi ba ta da kasuwa. Shi kuma mai izini, duk dabbar da ya zubar wa jini a lissafa ta cikin adadin da aka ba shi izinin harbi, ko ya same ta ko bai same ta ba. Wannan kaɗai zai sa mutum ya sauke bindiga idan tazara ta yi nisa.

Akwai masu cewa a yi wa dabbar allurar barci a yi mata magani. Mutanen Jos ba su manta da cece-kucen Disambar 2015 ba, lokacin da zaki ya kuɓuce daga gidan namun daji aka harbe shi. Allurar barci tana buƙatar likitan dabbobi, da ƙiyasin nauyi, da mintuna da dama kafin ta kama, kuma dabba na iya gudu ko kai hari a tsakani. Tana da muhalli ga giwar Yankari da waya ta ɗaure wa ƙafa, inda kowace ɗaya take da daraja ga ɗorewar garken. Ga mazon da hanjinsa ya fashe a dajin Wase, babu likitan da zai iso.

Abin da ma'aikatar da ke kula da gandun daji a Filato za ta iya yi ba ya jiran majalisar tarayya. A rubuta wajibcin bin dabba a jikin takardar izini, da Hausa da Turanci. A sa lambar waya ɗaya a kowane gandu, wadda maharbi ko mai gona zai kira idan ɓauna ko dorina mai rauni na yawo kusa da inda mata ke itace da ɗiban ruwa. Idan dabba ta tsallaka iyaka, maharbi ya tsaya a bakin layi, ya sa alama a ɗigon jini na ƙarshe, ya kira, jami'i ya shiga ya ƙarasa. A kuma ba sarakunan baka da ƙungiyoyin maharba ikon ajiye littafin rahoto, domin su suka san wanda ya fita daji jiya da irin harsashin da ya ɗauka, kuma su ne za su iya hana shi fita gobe.