Wai fes kilas, fes kilas ɗin me?

Ni dai yau sai na amayar da abin da ke cikina, don tun ranar Lahadi abin nan yake cina. Duk wanda zai sake ce min wai in ƙara kuɗi in shiga fes kilas a jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna don in huta, to ya fara dawo min da dubu goma da ɗari takwas ɗina tukuna sannan mu yi magana.

Ga yadda aka yi. Ƙanwata ce ta haihu a Abuja, Hajiyarmu ta je ta yi mata sati uku, da lokacin dawowa ya yi ni aka ɗora wa ɗauko ta. Hajiya na fama da ciwon gwiwa, hanyar mota kuma kowa ya san halin da take ciki, tun 2018 ake ta aikin titin nan kamar ana saƙa da allura, ga ramuka ga tireloli ga gosulo, ga kuma faɗuwar gaba duk lokacin da ka doshi Katari da Rijana. Sai na ce jirgi kawai.

Ni fa da farko ikonomi na yi niyyar saya mana, dubu uku da ɗari shida-shida, farashin nan da aka yanka lokacin da jirgin ya dawo aiki a Disambar 2022, bizines dubu shida da ɗari biyar, VIP, wato fes kilas ɗin, dubu tara. Tun 2021 da aka koma sayar da tikiti ta intanet aka ce mana an gama da 'yan cuwa-cuwa, daga baya ma aka ƙaro da sai da lambar NIN. Wane mutum! Na zauna da waya a hannu kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, ana buɗewa na danna, na zaɓi kujera biyu, na sa NIN ɗina na sa na Hajiya wanda sai da aka zazzage jakarta kaf kafin a samo takardar, na biya, alat ya shigo an cire 7,200, shafin ya yi ta juyawa yana juyawa, daga ƙarshe ya ce min wai ba a yi nasara ba. Kafin in sake shiga ikonomi ya ƙare ƙaf, bizines ma babu, sai VIP ke nan yana kallona ina kallonsa. Tarago mai cin mutum tamanin da takwas, ba ɗaya ba ba biyu ba, a ce duk sun cika cikin mintin da bai kai na shan shayi ba, aljanu ne suke saye? Haka na runtse ido na tura 18,000, ina lallashin kaina da cewa ai don tsohuwa ne, ko ba komai za ta miƙe ƙafa.

Mun iso tashar Idu da wuri, ita ma tashar ai sai ka yi tafiyar sallama da gari kafin ka kai, kuɗin tasi kaɗai ya isa ya ɓata maka rai. Na ɗauka tunda mun biya na manya akwai wata ƙofa ko ɗan layi daban ko wani da zai kama wa tsohuwa jaka. Babu. Layi ɗaya, turereniya ɗaya, ni ne da akwati a ka da Ghana-mos-go a kafaɗa ina riƙe da hannun Hajiya tana takawa a hankali. A bakin tashar kuma, wallahi da kunnena na ji, wani matashi ya raɗa min "Alhaji akwai tikiti fa in kana so." Tikitin da intanet ta ce ya ƙare. Na dube shi kawai na wuce don in na buɗe baki ba daɗi za a ji ba.

Muka shiga taragon. Gaskiya ɗaya ce, kujerun suna da faɗi, mutum ashirin da huɗu ne kawai ya kamata a ce suna ciki, akwai wurin miƙe ƙafa, wannan ba zan ci amanarsu ba. Amma muna zuwa lambarmu sai muka tarar da wani bawan Allah ya baje a kujerar Hajiya, babbar riga ta sha sitati, waya biyu a cinya, yaronsa na tsaye a kansa. Na yi masa sallama na ce ranka ya daɗe nan wurinmu ne, na nuna masa waya. Ko ɗagowa bai yi ba, yaron ne ya ce min wai mu nemi wani wuri mana ai duk ɗaya ne. Duk ɗaya ne? Na kira ma'aikacin taragon, ya zo ya duba tikitina ya dubi mutumin, sai ya ja ni gefe yana ƙasa da murya, "Yallaɓai ka yi haƙuri, bari mu tashi zan san yadda za a yi." Na ce Malam tsohuwa ce a tsaye fa, kuma kuɗi na biya ba alfarma aka yi min ba. Sai da Hajiya ta ce "Kai bar shi, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki," ni kuwa na ƙi bari, na tsaya ƙyam a kansa har mutane suka fara sa baki, sannan ya miƙe yana hura hanci kamar shi aka zalunta. Ya koma ina? Kujerar wani da bai iso ba tukuna. Da muka tsaya Kubwa mai wurin ya shigo aka sake sabon lale.

To mun zauna. Kujerar Hajiya tana kwantawa, tawa kuwa maɓallin ya karye, in na jingina sai ta tafi da ni baya gaba ɗaya har kan gwiwar na bayana, in na tashi ta biyo ni. Soket ɗin caji na gefena na sa caja na murɗa na danna na tofa masa bismilla, shiru. Esi da farko kamar firjin masu ƙanƙara, har Hajiya ta ciro mayafi na biyu ta lulluɓe gwiwa, sanyin nan kuma shi ne babban abokin gabar ciwonta, na roƙa a rage aka ce ba a iya ragewa. Ruwan roba ɗaya wannan ba a ba mu ba, mai tura abinci ta zo wucewa da mitfai da lemo, kuɗinsu sai ka ce daga Saudiyya aka yo odarsu. Dubu tara fa. Ko a motar haya ta Mando wani lokacin direba kan tsaya ka sayi tsire da kuɗin mutunci.

Banɗaki kuma, a yi min uzuri, na raka Hajiya har ƙofa ta leƙa ta juyo ta ce ta fasa. Famfo ba ruwa, ƙasa jiƙe, ƙofar sai ka tokare da ƙafa. Allah ya sa tana da butarta da ruwan gora a jaka, tsofaffi sun fi mu sanin duniya.

A nan ne take ba ni labari wai a zamaninsu, lokacin da Baba yake kai su Ikko a tsohon jirgi daga tashar Kaduna Janshan, in an ce fes kilas to ɗaki ne guda da gado da ƙofarka da za ka rufe, kwana ake yi a hanya amma ka san ka biya kuɗin wani abu. Ta dubi taragon ta dube ni ta ce "Wannan ai kujerar falo ce kawai aka sa wa taya." Dariya ta kama ni duk da ina cikin takaici.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ƙona min rai shi ne bayan mun wuce Jere, magariba ta kawo jiki, sai jirgi ya fara rage gudu, ya rage ya rage, ya tsaya cak a tsakiyar daji. Esi ya ɗauke. Fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf ta dawo rabi. Tagogin nan kuma ba a buɗe su, cikin minti goma taragon da muke rawar ɗari ya koma tanda. Kuma babu wanda ya zo ya ce mana ci kanku. Ba sanarwa a lasifika, ba ma'aikaci, wanda ya ce zai san yadda za a yi ma ya ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke. Duk wanda ke cikin jirgin nan ya san abin da ya faru a wannan layin daren 28 ga Maris 2022, an dasa bam, an kashe mutane, an kwashi wasu zuwa daji suka yi watanni, jirgin bai sake tashi ba sai bayan wata takwas. To ka tsayar da mutane a daji da duhu ka yi gum da bakinka, me kake so su yi tunani? Tarago ya yi tsit, sai ƙarar carbin Hajiya, wata mata a gaba tana ta ƙoƙarin kiran mijinta netwok babu, wayata saura kashi huɗu saboda soket ɗin dubu tara. Mai babbar rigar nan ma na hango shi ya cire hula yana fifita da ita, ya zame cikin kujera kamar yana son ya shige ƙarƙashinta. A lokacin ne ma wani tunani ya zo min, in da wani abu zai faru, Allah ya kiyaye, ai taragon da aka rubuta wa VIP ɓaro-ɓaro shi za a fara nema, wato kuɗi na ƙara na sayi zama a inda ido ya fi yawa.

Sama da awa ɗaya muka yi a wurin. Da jirgin ya motsa sai ga ma'aikacin ya ɓullo yana murmushi wai ɗan matsala ce inji ya samu. Ɗan matsala. Na ce Malam da ka zo ka faɗi haka tun ɗazu me zai ragu a jikinka? Ya ce shi ma bai sani ba sai yanzu. Ƙila ma gaskiyarsa ne, shi ya sa ban ja ba.

Tafiyar kilomita 186 ce, da aka buɗe layin a Yulin 2016 mutane har hoto suke zuwa ɗauka, awa biyu da 'yan mintuna ka sauka. Mu ranar sai da muka haura awa huɗu. Kuma abin haushi, muna sauka a Rigasa wa zan gani? Wani abokina da muka yi makaranta tare, ashe jirgi ɗaya muka shigo, shi yana ikonomi. Na ce ya hanya, ya ce lafiya lau in ban da tsayuwar nan, soket ɗinsu ma yana aiki har ya cika waya. Dubu uku da ɗari shida ya biya. Inji ɗaya ya ja mu, daji ɗaya muka tsaya, zufa ɗaya muka sha, minti ɗaya muka iso, kuma da yake jakarsa ɗaya ce ya riga mu fita ya samu mota, mu kuwa muka tsaya ciniki da masu tasi da suka ga dare ya yi ga tsohuwa, suka ninka kuɗin zuwa Kawo ba ko kunya.

Hajiya dai ta ce ƙafarta ba ta yi tsami ba, to alhamdu lillahi, wannan kaɗai na san na saya. In da tsoho ko mara lafiya za ka ɗauko kuma aljihunka zai ɗauka, faɗin kujerar yana da amfani, ban musa ba. Amma ni ƙato da lafiyata in sake ba da ƙarin dubu biyar da ɗari huɗu saboda kujerar da ke kayar da ni baya, Allah ya sawwaƙe.

Waccan 7,200 ta farko kuma har yau ba ta dawo ba. Na tura saƙo sau uku, na kira lambar ba a ɗauka, banki sun ce in koma wajen masu tikiti, su kuma sun ce in jira kwanakin aiki. Ranar Alhamis ina da zuwa Abuja, ga ni nan tun yanzu na sa ƙararrawa a waya don in riga aljanun ikonomi shiga.