Ba kowace waƙar coci ta tsufa ce tuban muzuru ba

Duk lokacin da wani mawaƙi ya tsufa ya fitar da kundin waƙoƙin addini sai ka ji mutane sun fara, wai kasuwa ta mutu shi ya sa ya tuna da Allah, tuban muzuru ne kawai. Ni ma na yarda akwai masu yin haka, mutum ya gama cin duniyarsa da tsinke, faifai ya daina shiga, sai ya lallaɓa wajen masu ibada don ya san su ba sa barin nasu. Amma don Allah a daina saka Johnny Cash a wannan layin, musamman kan kundinsa My Mother's Hymn Book. Wanda ya faɗi haka bai san labarin mutumin ba.

Mu nan waƙar kantiri ba baƙuwa ba ce, duk wanda ya taso lokacin kaset ya san Don Williams da Kenny Rogers da Dolly Parton, kuma a gidajen Kirista da yawa muryar Jim Reeves ce ke tashi da safiyar Lahadi. Cash dai bai kai su shiga gidajenmu ba, shi ya sa zan ɗan koma baya.

An haife shi a 1932 a jihar Arkansas ta Amurka, ɗan talakawa manoman auduga, a garin Dyess ya girma, kuma a gonar audugar nan suke rera waƙoƙin coci shi da mahaifiyarsa Carrie da 'yan uwansa suna tsinka suna waƙa. A 1944 zarton inji ya yanki yayansa Jack, yaron da kowa ke ganin fasto zai zama, ya yi kusan mako yana jinya ya cika, lokacin Cash yana ɗan shekara 12. Har ya mutu bai daina maganar Jack ba. To da ya je Memphis neman a ɗauke shi a kamfanin Sun Records wajen Sam Phillips, a matsayin mawaƙin coci ya fara gabatar da kansa fa, mai kamfanin ne ya nuna masa cewa irin wannan ba ta kawo kuɗi, ya kawo wani abu daban. Da ya koma kamfanin Columbia a 1958 ɗaya daga cikin dalilansa shi ne a bar shi ya yi kundin addini, kuma a 1959 ya yi shi, yana tsakiyar tashe, ba wai bayan tauraro ya dushe ba. A 1973 har fim ya fitar kan rayuwar Yesu, wanda ya ɗauka a Isra'ila. To ina tuban muzuru a nan? Kasuwa ce ta hana shi tun farko, ba ita ta koro shi a ƙarshe ba.

Kuma ba waliyyi ba ne, kar wani ya ɗauka wanke shi nake. Mutumin ya sha ƙwaya kamar ba gobe, a 1965 an kama shi a garin El Paso na jihar Texas da ƙwayoyi cike a jakar jitarsa, aurensa na fari ya mutu, ya daina ƙwayar ya koma ya sake dainawa. Yana wannan yana rera waƙar coci, abu biyun tare suka yi ta tafiya a jikinsa shekara da shekaru, kuma shi kansa bai taɓa ɓoye hakan ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda ya fito da kundin My Mother's Hymn Book ɗin. Columbia ta sallame shi a 1986 bayan kusan shekara 30, gidajen rediyon kantiri sun juya masa baya, sai ga Rick Rubin, mutumin da aka sani da harkar rap da kiɗan ƙarfe mai hayaniya, ya zo ya ce zauna ka ɗauki jitarka ka rera abin da ranka ke so. Haka suka fara a 1993, kundinsu na farko ya fito a 1994, kuma cikin wannan aikin ne ya ɗauko tsohon littafin waƙoƙin mahaifiyarsa, wadda ta rasu a 1991, ya zaɓi 15 ya rera. Ba ganga ba fiyano ba 'yan amshi, daga shi sai jita. Kana jin numfashinsa tsakanin baiti da baiti, wani wajen muryar ta ɗan yi rawa ba a gyara ba aka bar ta haka. Ka saurari I'll Fly Away ɗinsa, waƙar da aka saba yi da tafi da tsalle, shi ko sai ya rera ta a hankali ba gaggawa, muryar dattijon da ya binne yayansa da iyayensa kuma ya san abin da kalmomin ke nufi.

Ni a ganina ya fi na 1959 nesa ba kusa ba. Wancan an gyara shi tsaf da 'yan amshi a baya, saurayi ne mai murya garau yana waƙar mutuwa da bai hango ba tukuna. Wannan kam ba kwalliya, kuma Cash da kansa ya ce a duk kundin da ya yi shi ya fi so.

Inda masu suka ke da 'yar gaskiya shi ne batun kuɗi. Matarsa June ta rasu a Mayun 2003, shi ya bi ta a Satumba yana da shekara 71, a Nuwamba aka saki waƙoƙin cikin babban akwatin faifai mai suna Unearthed, sannan a 2004 aka sake fitar da su su kaɗai. Kamfani ya san mutuwa tana sayar da faifai, wannan ba musu, amma wannan lissafin na masu rai ne, shi lokacin yana kabari a Hendersonville kusa da June ko sisi bai gani ba. In za ku zargi wani ku zargi masu kamfanin.