Ɗaliban kiɗa suna da buri, wa zai koya musu karanta yarjejeniya?

Tun zuwana Ingila nake sauraron yadda ɗaliban kiɗa na jami'o'in nan ke maganar sana'arsu. Yaro yana aji biyu amma ya riga ya san PRS, ƙungiyar da tun 1914 take karɓo wa masu tsara waƙa kuɗinsu duk lokacin da aka sa waƙar a rediyo ko a wurin taro. Ya san PPL kuma aikinta daban, ita kuɗin faifan da aka naɗa take bi. Wato tun yana makaranta ya gane cewa waƙa ɗaya dukiya biyu ce: baiti da karin da aka ƙirƙira, sai kuma naɗin da aka yi a situdiyo, kowanne da mai shi.

Namu na Najeriya ba a bar su a baya wajen zuciyar nema ba, ni a ganina ma sun fi. An daɗe ana koyar da kiɗa a jami'o'inmu, tun daga Nsukka a farkon shekarun 1960. Ɗalibi zai haɗa karatu da yi wa taruka kiɗa, ya koyar da yara piyano, ya tara ya sayi kwamfuta da makirfo, ɗakin kwanansa ya zama situdiyo. Burinsa ya kafa kamfaninsa, ya riƙa fito da wasu mawaƙan. Wannan buri yana burge ni ƙwarai.

Abin da ke ci min rai shi ne darasin koyon sana'a da aka wajabta wa kowane ɗalibin jami'a. Sau da yawa sai a tara mai karatun kiɗa da mai karatun lissafi a koya musu haɗa sabulu, alhali sana'ar yaron tana hannunsa. Ya gama digiri bai taɓa ganin takardar yarjejeniyar kamfanin waƙa ba. Ranar da aka miƙo masa ita da ɗan kuɗin somin-taɓi, sai ya sa hannu, ya koma ɗan ƙwadago a gonar da shi ya sare ta. Ga Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 nan, ta tanadi kariya har ga abin da aka ɗora a intanet, amma doka ba ta ceton wanda ya sayar da haƙƙinsa da hannunsa.

Lissafin manhajojin sauraro ma sai an koya. Spotify ta shigo Najeriya a 2021, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba a biyan kuɗin naɗinta. Wanda ya ɗora burinsa kacokan a kan wannan zai sha jira.

Nan Ingila ma akwai abin da ban so. Kuɗin makaranta ya haura fam 9,000 a shekara, yawanci bashi ne, shi ya sa wasu ke tsara waƙa don ta riƙe mai sauraro daƙiƙa 30 na farko, iyakar da Spotify ke fara ƙirga cewa an saurari waƙa. Fasaha na shan wahala a haka, kuma ba na yi wa namu fatan wannan.

Abin da nake roƙon sassan kiɗa na jami'o'inmu kaɗan ne: su ware zango ɗaya, su gayyato lauya da wanda ya taɓa riƙe kamfanin waƙa, a baje takardun yarjejeniya na gaske a gaban ɗalibai, a bi su layi-layi har kowa ya san inda ake cewa a'a.